Kunnen Dama da Farin Fulogi

Makaniken da ake kira Kunne ba ya sakin jiki da mutum sai ya ga hannunsa yana aiki. So yake ya ga da wanne mutumin ke zaro makulli daga aljihu, da wanne yake sosa ƙeya, da wanne yake nuna abu. Idan da dama ne, sai ya ja benci ya ce a zauna. Idan da hagu ne, sai ya zagaya ya sa mota tsakaninsu.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Mai amfani da dama, in ya tsaya gabanka ya kai mari, a kunnenka na hagu zai sauka. Kunnen hagu na Kunne ya mutu shekara talatin da ɗaya da suka wuce, don haka wanda ya mare shi a can hannunsa kawai ya wahalar. Bahago kuwa marinsa a kunnen dama yake sauka, kuma da wannan kunne guda Kunne yake ci. Da shi ya gina ɗaki uku, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata.

Aikinsa kafireto, wato 'yar tukunyar nan da ke zaune a kan injin tsofaffin motoci tana gauraya fetur da iska. Motocin yanzu ba su da ita, saboda haka masu zuwa wurinsa sun ragu, sai waɗanda suka riƙe tsohuwar mota don ƙauna ko don rashin wata. Ba shi da na'ura ko ɗaya. Yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya manna kunnen dama a ƙotar, ya rufe ido. A haka yake jin silo, wato yadda inji ke bugawa a tsaye ba a taka totur ba. Sai ya murɗa ɗan sukuru kwata, ya saurara, ya mayar da rabin kwatar, har sai motar da ta zo tana karkarwa ta koma numfashi irin na mai barci.

Rumfar kwano ce doguwa, shi da wansa suka gada. Mahaifinsu makanike ne mai yin komai, da ya rasu sai aikin ya rabu biyu: babban ya ɗauki ruwa, ƙaramin ya ɗauki mai. Wan, da ake kira Dalma saboda dalmar da yake narkawa yana liƙe lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, yana gefen yamma da kwatarniyar ruwansa ta ƙarfe da murhun gas da ƙarfen liƙi. Ƙato ne, ruwan batir ya cinye fatar yatsunsa har sun zama kamar icce. Kunne yana gefen gabas da teburinsa da gwangwanayen biskit cike da ƙananan sukurori. A tsakiya akwai ginshiƙin ƙarfe guda da ke riƙe da rufin.

Dalma ne ya kashe kunnen. Wata rana ya gama liƙe lagireton wata babbar mota, mai motar yana tsaye yana yaba aikin, sai Kunne, wanda a lokacin yake da shekara ashirin da shida da kunne biyu da baki mai sauri, ya ce daga can gefensa, "Yaya, akwai saura. Ina jin yana shan iska ta ƙasa." Gaskiya ya faɗa. Dalma ya ajiye ƙarfen liƙi, ya tako a hankali, ya sheƙa masa mari guda. Kunne ya faɗa kan teburinsa, gwangwanaye suka tarwatse, jini ya gangaro masa har wuyan riga. Kwana tara yana jin ƙara a kansa, da ƙarar ta tafi ta tafi da komai.

Tun ranar bai sake gaya wa wansa abin da ya ji ba. In magana ta zama dole, ginshiƙi suke yi wa. "Gaya wa kurman nan ya kwashe tsummansa daga ruwana," in ji Dalma yana kallon ƙarfen. Kunne kuma ya ce, "Gaya wa Yaya na ji." Matarsa ma ta sami abin yi da kunnen. In za ta nemi abu sai ta zauna a damansa, in za ta zage shi sai ta koma hagu, ta zage shi son ranta tana murmushi, shi kuma yana cewa, "Haka ne, haka ne."

Motar ta zo wata safiyar Litinin, koriya mai duhu, doguwar hanci, bambarta na sheƙi, da fitilun gaba masu zagaye irin waɗanda aka daina yi tun da daɗewa. Kunne ya ji ta kafin ya gan ta: bugu uku lafiya, ɗaya da ɗingishi. Mai ita ya fito, gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya yi masa fari a gashin hannu. Ya rufe ƙofa da hagu. Ya sa makulli a aljihun hagu.

Ba sai an gabatar da shi ba. Shi ne mai gidan bulon da ke bayan kasuwar katako, kowa Bahago yake ce masa. Motar ta mahaifinsa ce, kuma leburorinsa sun ce ya fi yi mata magana mai daɗi a kan iyalinsa. Mai facin da ke tsallaken titi ya taɓa karce masa murfin taya shekara biyu da suka wuce. Yanzu duk abin da ka ce wa mai facin sai ya juyo da rabin fuska ya ce, "Na'am?"

"Wane ne mai ruwa, wane ne mai mai?" in ji Bahago.

Dalma ya ɗaga ƙarfen liƙi. Kunne ya ɗaga yatsa daga bayan motar.

"Ciwo biyu gare ta. In na yi tafiya tana tafasa, in na tsaya tana rawa. Mutum uku sun taɓa ta kafin ku. In kuna son sanin yadda muka rabu, ku tambaye su." Ya dubi Kunne. "Kai me kake yi a can baya? Injin a gaba yake."

"Ƙarar salansar hayaƙi nake saurare, ranka ya daɗe."

Suka yi aikinsu kowa da nasa. Kunne ya sauke kafireto, ya warware ta a kan farin tsumma, ya wanke kowace ƙofa da fetur, ya hura da baki har ya ga haske ta ciki, ya mayar, ya daidaita silo. Dalma ya ciro lagireto, ya buɗe samansa, ya zura tsinken ƙarfe a kowane bututu ya fitar da laka da tsatsa, ya liƙe, ya ɗaure fambel, bel ɗin da ke juya fanka. Motar ta tafi da yamma rawarta ta ragu, amma Kunne ya bi ta da kunne har kwana, kuma ɗingishin yana nan.

Ranar Laraba ta dawo tana tururi. Bahago bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki gwangwanin sukurori daga teburin Kunne, ya matse shi a tafin hagu har gefe ya haɗu da gefe, ya ajiye a inda ya ɗauka.

"Sau biyu nake kawo mota wurin mutum," ya ce. "Na uku ba mota nake kawowa ba."

Da ya tafi, Kunne ya bi duk abin da ya sani. Ya ɗiga fetur a gindin kafireto injin na aiki, don in tana satar iska ta wata kafa sautin zai canja. Bai canja ba. Ya duba lokacin da wuta ke bugawa, daidai yake. Ya kwance fulogi huɗu ya jera a kan laka-gad, ƙarfen da ke saman taya. Uku sun yi baƙi da toka kamar yadda fulogin tsohuwar mota ke yi. Na silinda ta uku, wato ɗakin wuta na uku, fari tas, kamar yau aka ɓare shi daga kwali. Ya kankare baƙaƙen ukun da burushin waya, ya dubi farin ya ce, "Kai ne mutumin kirki a cikinsu," ya mayar da shi bai ko taɓa shi ba.

Dalma kuwa ya kwance ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya wurga shi kan rufi, kamar yadda yake yi wa kowace mota mai zafi. Sannan ya fuskanci ginshiƙi.

"Gaya wa kurman nan ya shaƙe mata mai. Inji in bai ƙoshi ba zafi yake. Shi zai ja a kashe mu."

"Gaya wa Yaya maina daidai yake. Ruwan wasu ne ba ya zagayawa."

Tsohon murfin lagireto ne a hannun Dalma. Ya jefo shi ba tare da ya juyo ba. Ya sami Kunne a gira ta dama, yatsa uku daga kunnen. Fata ta tsage, jini ya rufe masa ido. Kunne ya danne wurin da tsumman fetur, ya zauna a ƙasa bayan teburinsa. Ba ciwon ne ya girgiza shi ba, yatsa ukun nan ne.

Da yamma Bahago ya aiko aka ɗauki motar; in kwana biyu za ta sake yi ta dawo, Juma'a ke nan. Da Kunne ya koma gida matarsa ta wanke masa girar, ta zauna a damansa. "Kada ka fita Juma'a. Ka ce ba ka da lafiya."

"In ban fita ba nan zai zo."

Ta koma hagunsa ta daɗe tana magana. Wannan karon ba ta yi murmushi ba.

Ranar Juma'a da rana tsaka motar ta shigo rumfar da gudu har bambarta ta bugi kwatarniyar Dalma. Tururi na fita ta kowace kafar bonet. Bahago bai kashe injin ba, wataƙila don tsoron kada ya ƙi tashi. Kunne ya yi niyyar zagayawa bayan motar, amma tebur ya tare shi ta nan, ginshiƙi ta can. Bahago ya kama wuyan rigarsa da dama ya murɗe har maɓalli biyu suka fita. Kunne ya san abin da hakan ke nufi: bahago da dama yake riƙewa. Ya ga kafaɗar hagu ta ja baya, ya ga tafin ya buɗe, fari da siminti. Ya so ya ɗaga hannu ya kare, amma riƙon ya danne masa gwiwar hannu a jikin ginshiƙi.

Marin da ya same shi daga wancan gefen ya zo. Dalma ne ya tako daga bayan Bahago ya zabga masa tafin dama a mataccen kunnen, da ƙarfin da ya fizge shi daga riƙon, rigar ta yage ta bar wuyanta a hannun Bahago. Kunne ya yi sama ya faɗo, kansa ya bugi bamba. Tafin Bahago da ya riga ya taso bai sami wanda aka aike shi gare shi ba, ya sauka a bakin Dalma.

"Ni nake dukan wannan," in ji Dalma, jini na bin haɓarsa. "Nemi naka."

Kunne bai ji wannan maganar ba, daga baya mai faci ya ba shi labari, shi ma wani ya gaya masa. Abin da Kunne ya sani shi ne yana kwance ƙarƙashin hancin motar, kumatunsa a ƙasa mai ɗumi, duniya ta yi tsit. Yana ganin ƙafafu huɗu suna turmutsutsu cikin laka, ya ga murhun gas ya kife, ya ga benci ya karye biyu, amma ko ƙis. Ya ce a ransa shi ke nan, ta ƙare, gobe sai zaman ƙofar gida.

Sai wani siririn sauti ya huda shirun, ya yi kauri, ya fashe. A bayansa injin ya dawo. Bai taɓa jin inji daga wannan wuri ba, daga ƙasa, kunnensa kusa da babban tiyon da ke kai ruwa lagireto. Bugu, bugu, ɗingishi, bugu. Kuma duk lokacin da ɗingishin ya zo, sai tiyon ya yi ɗan ɓulɓul, kamar mutum ya hura iska a cikin kofi. Ba sa saɓawa. Tare suke zuwa, tare suke tafiya.

Ya rarrafo ya miƙe. Bahago ya kayar da Dalma a kan kwatarniya, ya danna masa gwiwa a ƙirji, ya shaƙe shi da dama yana kirɓar fuskarsa da hagu. Dalma na lalubar ƙarfen liƙi a ƙasa, yatsunsa na kusa da shi. Kunne ya ga in ƙarfen nan ya shiga hannunsa, ɗayansu ba zai tashi ba. Ya zura hannu ta taga ya kashe injin. Ya ɗauki gudumar da ke kan tebur, ya tsaya gaban motar, ya ɗora kanta a kan gilashin fitilar hagu, ya ƙwanƙwasa sau biyu a hankali.

Bahago ya juyo.

"Ranka ya daɗe, in ka sake taɓa shi zan fasa wannan, sannan in fasa 'yar'uwarta. Ka san ba a samunsu."

"Ajiye gudumar nan."

"Sake shi tukuna. Na ji ciwonta. Ciwo ɗaya ne, ba biyu ba."

Bahago ya dubi fitilar, ya dubi gudumar, ya ɗaga gwiwarsa. Dalma ya mirgina gefe yana tari, ya tofar da haƙori biyu cikin ruwan da ya zube.

"Nuna mini," in ji Bahago.

"Sai ta huce. Wanda ya buɗe murfin nan yanzu fuskarsa za ta saɓule."

Haka suka zauna fiye da awa guda, mutum uku masu jini, suna jiran ƙarfe ya yi sanyi. Bahago a kan rabin benci yana tsotsar gaɓoɓin yatsunsa da suka fashe, Dalma a ƙasa ya jingina da ginshiƙi, Kunne a kan bamba da gudumar a cinya. Mutanen da suka taru a bakin titi suka gaji suka watse. Cikin wannan zaman ne Kunne ya juya, bai dubi ginshiƙi ba, ya dubi wansa.

"Yaya, ruwanta raguwa yake?"

Dalma ya daɗe yana motsa harshe a inda haƙoran suke. "Galan guda a kwana biyu."

"Yana zuba ƙasa?"

"Ko ɗigo."

"Ba ka faɗa ba."

"Ka tambaya?"

Da inji ya huce, Dalma ya buɗe murfin lagireto da tsumma, ya cika shi har baki. Kunne ya tayar da motar. Su ukun suka sunkuya a kan bakin lagireton. Ruwan bai ko ɗumama ba, amma ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, a jere, daidai da ɗingishin. Kunne ya kashe, ya kwance fulogin silinda ta uku, ya miƙa wa wansa. Dalma ya juya shi a cikin yatsunsa na icce, ya shinshina.

"Wankakke ne," ya ce. "Tururi ne ya wanke shi. Ka ga wannan ranar Laraba?"

"Na gani. Har na yabe shi."

"Jaki."

Kunne ya yi wa Bahago bayani. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai gaskit, wani siririn faifai da ke raba hanyar ruwa da ɗakin wuta. Ya ƙone a daidai silinda ta uku. Ruwa na ɗiga cikin wuta, shi ya sa take ɗingishi a silo. Hayaƙin wuta na kutsawa cikin ruwa, shi ya sa take tafasa. Ko sau ɗari aka wanke kafireto da lagireto, haka za ta dawo.

"To laifin wanne a cikinku?"

"Ba a gefena yake ba, ba a gefensa ba, ranka ya daɗe. A tsakiya yake."

Bahago ya shafa fitilar da gefen rigarsa, ya duba ko gudumar ta bar tabo. "Da ka fasa?"

"Da na fasa."

"Da na kashe ka."

"Na sani."

Kwana biyu aikin ya ɗauka. Kan inji ba ya ɗaguwa da mutum ɗaya, don haka suka kama shi tare, suka kai aka goge fuskarsa ta miƙe, suka sa sabon gaskit, suka ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa waje kamar yadda mahaifinsu ke yi. Kunne ya sa aka hau rufi aka sauko da bawul ɗin ruwan, ya mayar da shi wurinsa, Dalma na kallo da kumburarren baki. Da aka tayar da ita, Kunne ya ɗora sukudireba, ya manna kunne, ya rufe ido. Kwata. Rabin kwata baya. Bugu huɗu, babu mai jan ƙafa. Bahago ya tsaya yana kallon allurar zafi na minti ashirin, ba ta wuce tsakiya ba. Duk tsawon lokacin Kunne yana ɗaya gefen motar.

Da motar ta fita, ya bi ta da kunne har kwana, sannan ya juyo. Dalma na durƙushe yana liƙe kwatarniyarsa da ta tsage.

"Yaya, ai da ture ni kawai ka yi."

Dalma bai ɗago ba. "Hannuna bai iya turi ba."

Ya gama layin dalmar, ya zuba ruwa ya gwada. Kunne ya ji wani ɗan siririn tsiyaya ta kusurwar ƙasa. Ya auna nisan da ke tsakaninsu, ya duba hannun da ke riƙe da ƙarfen liƙi. Na dama ne.

"Akwai saura," ya ce. "Ta ƙasa."

Dalma ya zage shi, ya zagi kunnen, sannan ya kifa kwatarniyar ya mayar da ƙarfen kan wuta.